MuseScore, Dorico, Sibelius ko LilyPond: wacce ta fi dacewa da rubuta waƙar da ba ta da awo?

Duk malamin kwaya da ya taɓa zama gaban kwamfuta don ya rubuta Zabura yadda ake rera ta a sujada ya san inda gizo ke saƙa. Waƙoƙin littafi ba su da matsala. Ko dai 4/4 ne ko 3/4, kana buga nota manhaja na ja maka layin tsaye duk bayan bugu huɗu ko uku, shi ke nan. Amma Zabura, da amsoshin da ake yi tsakanin mai jagorar sujada da jama'a, da buɗewar da mai solo ke yi kafin ganga ta shigo, duk ba sa tafiya da ƙirga. Numfashi da kalma ne ke jan su. Haka busar sarewa ko algaita take, haka kirari in an ɗora shi a kan murya, ga ɗaliban da ke naɗo irin waɗannan a rikoda su zo su rubuta.

Yawancin manhajojin rubutun kiɗa an gina su ne a kan ɗaki, wato filin da ke tsakanin layin tsaye da layin tsaye. A wurinsu ɗaki mudu ne: dole a cika shi, kuma ba ya ɗaukar ƙari. Ka ba shi nota biyar alhali na huɗu ne, sai ya tura ta biyar ɗaki na gaba, ko ya raba ta biyu ya ɗaure. Wannan rubutu domin wanda ke Jos ne, yana da laftof, yana da waƙa marar awo a hannu, ya rasa wace manhaja zai ba lokacinsa da datarsa.

## Abin da za a duba kafin a zaɓa

Na farko, kuma shi ne babba: manhajar ta yarda akwai waƙar da ba ta da awo, ko kuwa wayo ake yi mata? Duk za su iya fitar da takarda marar layin tsaye, mai kallo ba zai gane bambanci ba. Bambancin yana fitowa ne ranar gyara. Ɗauki amshi kamar "Ya Ubangiji ka ji addu'armu". Gaɓa 11 ke nan. Ka rubuta shi murya huɗu, ka jera kalmomi, ya yi kyau. Ran Asabar da yamma sai fasto ya aiko cewa a mai da shi "Ya Ubangiji Allahnmu, ka dube mu da idon rahama, ka ji addu'armu". Gaɓa ta koma 24, kuma ƙarin a tsakiya ya shigo. Manhajar da ta yarda da rashin awo za ta matsa abin da ke gaba ta ba ka wuri. Wadda ake yi wa wayo za ta shafe notocin gaba, ko ta sa ka sake ƙirga tun daga farko.

Na biyu, karya layi. Dogon baiti ba ya shiga faɗin takarda ɗaya, dole ya sauko ƙasa. Wasu manhajoji ba sa karya layi sai a bakin ɗaki, don haka in ka yi ɗaki ɗaya dogo sai notoci su cushe ko su fice daga gefen takarda.

Na uku, shaf da filat, wato alamomin ɗaga nota ko sauko da ita da rabin mataki. Ƙa'idar da kowa ya koya ita ce shaf yana aiki har ƙarshen ɗaki. To in babu ɗaki fa? Wannan ƙaramin abu ne da ke ɓata rera waƙa ran Lahadi, zan dawo kansa a ƙarƙashin kowace manhaja.

Sai kalmomi. A Zabura ana ɗora jimla guda a kan nota ɗaya mai tsawo kafin murya ta sauka, saboda haka ana bukatar hanyar jera kalmomi da yawa ƙarƙashin nota ɗaya. Ga kuma ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Dukkan manhajojin nan suna karɓar su, amma ba kowane salon harafi ke ɗauke da su ba, sai ka ga ƙ ta fito da wani fasali dabam a tsakiyar kalma ko ta zama akwati. Charis SIL da Gentium kyauta ne kuma suna da su duka. Ka sa ɗaya daga ciki tun farko, ka fitar da PDF kafin ka tafi shagon fotokwafi, don kwamfutar shagon ba lallai tana da harafin ba.

Sauran su ne kuɗi da yadda ake biyansu, nauyin manhajar a kan tsohuwar laftof, da ko fayil ɗin zai buɗe nan da shekara goma.

## MuseScore

Ita ce aka fi gani a hannun matasan kwaya, kuma dalilin a fili yake: kyauta ce gaba ɗaya, ba iyaka a yawan muryoyi, tana aiki a Windows da Mac da Linux. Werner Schweer ya fara ta a 2002, MuseScore 4 ta fito a Disamba 2022, yanzu ana kiranta MuseScore Studio. A kula da abu ɗaya: manhajar a musescore.org take. Shafin musescore.com na ajiye waƙoƙi ne, kuma shi ne ke neman kuɗin wata. Kada wani ya sa lambar katinsa a can yana zaton manhaja yake saya.

MuseScore ba ta san waƙa marar awo ba, wayo ake yi mata, amma wayon yana da hanyoyi masu kyau. Kowane ɗaki yana da tsawo biyu, na suna da na zahiri. Ka danna dama a kan ɗakin, ka shiga Measure properties, ka canza Actual zuwa 11/4, ɗakin zai ɗauki nota 11. Ko ka zaɓi ɗakuna da yawa ka haɗe su ta Tools, Measures, Join selected measures. Hanya ta uku ita ce ta fi kusa da abin da muke nema: a cikin hanyoyin shigar da nota akwai Insert, wadda ke faɗaɗa ɗakin duk lokacin da ka ƙara nota maimakon ta shafe ta gaba. Da ita gyaran faston nan ba zai hana ka barci ba. In kuma ragewa za ka yi, Ctrl da Delete na cire notar tare da lokacinta. Daga nan ka shiga Staff properties ka cire alamar nuna awo da ta nuna layin tsaye, ko ka zaɓi layi ɗaya ka danna V ya ɓuya. Za ka ga ɗan ƙaramin alamar tarawa ko ɗebewa a saman ɗakin da ka taɓa. A allo kawai take, ba ta fita a takarda.

Inda take gajiyarwa shi ne karya layi. Ɗaki ba ya rabuwa tsakanin layi biyu, don haka dole ka yanka dogon baiti da kanka, ka ɓoye layin tsayen da ya fito. In daga baya ka canza girman takarda daga A4 zuwa A5 don a yi ɗan littafi, duk yankan nan sai ka sake bi ɗaya bayan ɗaya.

Ɓoyayyen layin nan kuma shi ke jawo matsalar shaf. Misali alto na da fi, wato fa mai shaf, a farkon baiti, sannan bayan ɓoyayyen layi ta koma fa. Manhaja na ganin an shiga sabon ɗaki, shaf ya mutu, ba za ta sa nacural, alamar soke shaf, ba. Ita kuwa mai alto ba ta ga wani layi ba, fi za ta ci gaba da rerawa, kai kuma ka tsaya kana harararta alhali takardarka ce ta yaudare ta. Maganin shi ne ka bi kowane baiti da ido ka sa alamar da hannu. Kalmomi da yawa ƙarƙashin nota ɗaya kuwa ba wuya: Ctrl da Space na ba ka tazara ba tare da tsallakawa nota ta gaba ba. Cire sandar nota a bar kan notar kaɗai ma yana nan a Properties.

Nauyi: MuseScore 4 na son Windows 10 zuwa sama da kwamfuta mai ɗan ƙarfi. Mai tsohuwar laftof ta hannu ya nemi 3.6.2 ta 2021, duk dabarun nan suna aiki a ciki, kuma ba ta cin batir sosai, abin da ke da muhimmanci in an ɗauke wuta kana tsakiyar aiki. Sai dai fayil ɗin da aka ajiye a 4 ba ya buɗewa a 3. In kuna musayar aiki a kwaya, ku tsaya a kan guda. Ƙarin sautukan Muse Sounds gigabait ne masu yawa, ba ka bukatar su don Zabura.

## Dorico

Wannan ita kaɗai ce cikin masu aiki da linzami da aka gina ba a kan ɗaki ba. Kamfanin Steinberg na Hambug a Jamus ya fitar da ita a Oktoba 2016. Waɗanda suka rubuta ta su ne tsofaffin ma'aikatan Sibelius na Landan da suka rasa aikinsu a 2012, ciki har da Daniel Spreadbury. Sun fara daga tushe, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da suka canza shi ne wannan: a Dorico waƙa jerin lokaci ce mai tafiya, alamar awo da layin tsaye abubuwa ne da ake ɗorawa a kai in an ga dama.

Abin da wannan ke nufi a aikace: ka buɗe sabon aiki marar komai, babu 4/4, babu layi ko ɗaya. Ka yi ta buga nota har ka gaji, layin na tsawaita, in ya kai bakin takarda ya sauko da kansa. In waƙar ta fara da awo sannan ta saki, kamar korus mai ganga da ke biye da baitin solo, ka danna Shift da M ka rubuta X, daga nan an saki awo. Inda kake son alamar numfashi, Shift da B, ka rubuta tick ko short, ta ba ka ɗan gajeren layi. Gyaran faston kuwa, ka danna I, ka buga ƙarin notocin, na gaba su matsa. A5 ko A4, ita za ta sake karya layukan. Kuma fayil ɗaya na ɗaukar waƙoƙi da yawa a jere, kowace da makullinta (irin G ko F) da takenta, don haka amsoshin sujada guda daga buɗewa zuwa albarka suna zama wuri ɗaya.

Tunda ba a bukatar ɓoyayyun layuka, tarkon alto ɗin nan ba ya tasowa. Abin da ya rage shi ne akasinsa: shaf ɗin da ka sa a farkon dogon baiti yana nan da ƙarfinsa har ƙarshe, mawaƙi kuwa ya manta. Ka tilasta ta sake nuna shi a inda kake jin za a yi tuntuɓe. Tazara a cikin kalmomi Shift, Alt da Space ne.

Kuɗi: kashi uku ce. Dorico SE kyauta ce, kuma tun Dorico 5 ta 2023 tana ɗaukar mawaƙa ko makaɗa har 8, wanda ya ishi sofrano, alto, tena, bes da ogan har da saura. Elements wajen dala 100 ne, Pro wajen dala 580, saye ɗaya ba biyan wata ba, sai dai in babban sabon fito ya zo ana biyan kuɗin ɗaukakawa ga mai so. A canjin yanzu Pro ta haura naira rabin miliyan nesa ba kusa ba, ban ga kwayar da za ta kai wannan lissafi gaban dattawan ikilisiya ta fito da shi ba. Sakin awo yana nan a SE, wannan shi ne abin da mutane da yawa ba su sani ba. Abin da aka keɓe wa na kuɗi shi ne gyaran kwalliya na ƙwaƙƙwafi, irin matsa nota kaɗan nan, buɗa tazara kaɗan can.

Wahalarta biyu. Shigar da ita na cin data da haƙuri: sai ka buɗe asusu da Steinberg, ka sauke manhajar saukewa, sannan ka sauke ita kanta da sautukanta, ka kunna lasisi da intanet. Ka nemi wurin da ke da wayfai mai ƙarfi ka yi shi sau ɗaya. Tun Dorico 4 ta 2022 an daina bukatar ɗan makullin USB da ake sokawa a da. Ta biyu, tunaninta dabam ne. Wanda hannunsa ya saba da MuseScore ko Sibelius zai yi makon farko yana jin kamar manhajar na masa gardama, don ita ke yanke shawarar yadda nota za ta fito sai ka hana ta. Ba ta aiki a Linux, kuma tsohuwar laftof mai ƙaramar ƙwaƙwalwa za ta yi nishi.

## Sibelius

Tagwaye Ben da Jonathan Finn suka fitar da ita a Ingila a 1993, kamfanin Avid na Amurka ya saye ta a 2006. Malamai da yawa da suka yi karatun kiɗa da ita suka koya, kuma hannun da ya saba da ita yana da sauri ƙwarai.

Wajen rashin awo, gidansu ɗaya da MuseScore: ɗaki ne tushe. Alt da B na buɗe maka wurin ƙirƙirar ɗaki mai tsawon da ka ga dama, amma sai ka san tsawon tukuna, wato ka zauna da biro ka ƙirga gaɓoɓin baiti kafin ka taɓa nota. Akwai Split da Join don yanka ɗaki ko haɗe shi, akwai layin tsaye marar ganuwa, akwai gajerun layuka na waƙar coci ta dā, akwai kan nota marar sanda. Sakamakon a takarda yana da kyau. Gyara a tsakiyar baiti ne ke da ciwo, kuma tarkon shaf bayan ɓoyayyen layi yana nan kamar na MuseScore.

Sibelius First kyauta ce amma sitaf 4 kawai take ɗauka (sitaf shi ne layuka biyar ɗin da ake rubuta nota a kai), kuma an rage mata abubuwa da dama. Artist na ɗaukar 16. Ultimate ita ce cikakkiya, akasari biyan wata ko na shekara ake yi, wajen dala 200 a shekara. Nan ne haɗarin yake a wurinmu. Biyan dala da katin naira ba kullum yake tafiya lami lafiya ba, kuma ranar da biya ya tsaya cikakkiyar manhajar ta kulle, ko da kuwa makon Ista ne. Kwafin sata da ake sa wa mutane a shagunan gyaran kwamfuta kuma, ban da cewa haƙƙin wasu ne, sau da yawa da ƙwayar cuta yake zuwa. Tunda ga na halal kyauta har uku, ban ga dalilin ɗaukar wannan kasada ba.

## LilyPond

Nan babu linzami, babu jan nota. Rubutu kake yi kamar mai buga wasiƙa, manhaja ta mai da shi PDF. 'Yan Holan biyu, Han-Wen Nienhuys da Jan Nieuwenhuizen, suka fara ta a 1996, kyauta ce, kuma ana haɗa ta da wata ƙaramar manhaja mai suna Frescobaldi don ka ga rubutu a hagu, takarda a dama. Baitin Zabura mai nota ɗaya doguwa da saukowa kamar haka yake:

\cadenzaOn g'1 a'4 g' f'2 \bar "|"

Kalmar farko ita ce ke cewa a daina ƙirga. Daga nan ba layin tsaye sai wanda ka nema. Ƙara gaɓa 13 a tsakiya ƙara haruffa ne kawai, ba abin da zai rushe. Jimla guda ƙarƙashin nota ɗaya kuwa, ka sa ta cikin alamar zance. Tana da alamomin numfashi na waƙar coci tun daga ƙarami har na rufewa.

Abu biyu za ka riƙe. Cikin wannan yanayi ba ta karya layi sai ka nuna mata inda ta halatta, da \bar "" ko, tun fitowar 2.24 ta Disamba 2022, da \allowBreak. Bambancinsa da yankan MuseScore shi ne izini kake bayarwa, ba umarni ba: ka zuba su bayan kowane waƙafi, ita ta zaɓi wanda ya dace da faɗin takardar. Na biyu, layin da ka ja da hannu ba ya kashe shaf, don haka mutane kan sa \accidentalStyle forget, wanda ke sa a rubuta shaf ko filat a kan kowace nota da ta kauce wa makulli, ko sau nawa ta maimaitu.

Ƙarfinta na gaske yana fitowa ne a babban aiki. Zabura 150 ne, amma muryoyin da ake rera su da su ƙalilan ne. A LilyPond ka rubuta murya sau ɗaya ka ba ta suna, ka yi ta kiranta kana canza kalmomi. In kwamitin waƙa ya ce a sauko da makulli daga G zuwa F saboda tsofaffi, layi ɗaya za ka taɓa. Fayil ɗin rubutu ne zalla, 'yan kilobait, yana buɗewa a kowace kwamfuta, ba ruwansa da ko wani kamfani ya rufe. Tsohuwar laftof na ɗaukar ta ba gardama.

Kuɗinta shi ne lokacinka. Baka ɗaya da ka manta ba ka rufe ba, takarda ba za ta fito ba, sai jan rubutu da Turanci. Sauti kuma MIDI kaɗai take bayarwa, wato fayil ɗin notoci da sai wata manhaja ta kaɗa shi. Sannan ka tambayi kanka wa zai gaje ka. In aka yi maka canjin wurin aiki zuwa Abuja, akwai wani a kwayar da zai iya buɗe fayil ɗin ya gyara kalma ɗaya?

## Biyu da za a ambata a wuce

Finale ta daɗe, tun 1988, amma a ranar 26 ga Agusta 2024 kamfanin MakeMusic ya sanar da daina ta, ya tura masu ita Dorico Pro a kan dala 149. Kada kowa ya fara koyon ta yanzu. Mai tsofaffin fayiloli ya fitar da su zuwa MusicXML (tsarin fayil da manhajojin kiɗa ke musaya da shi) da PDF tun kwamfutarsa na iya buɗe su. PDF ɗin na da muhimmanci, domin ɗakunan da aka yi wa wayo da ɓoyayyun layuka su ne suka fi hargitsewa in an ƙaura da su wata manhaja.

Gregorio kuma ta masu waƙar Giregori ce a asalin rubutunta, layi huɗu da notoci masu kusurwa huɗu, irin wanda ɗalibin makarantar horar da limaman Katolika ta St Augustine da ke Jos zai ci karo da shi. Kyauta ce, rubutu ake yi kamar LilyPond, tana tafiya tare da LaTeX, manhajar tsara rubutu don bugawa. A wannan fanni ba ta da na biyu, a wajensa ba ta da amfani.

## A taƙaice cikin jadawali

| Manhaja | Kuɗi | Sakin awo | Karya layi | Gyara a tsakiya | Nauyi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| MuseScore | Kyauta | Da dabara | Da hannu | Da dama-dama | Matsakaici, 3.6.2 ba nauyi | Shaf bayan ɓoyayyen layi |
| Dorico SE | Kyauta, mutum 8 | A gininta yake | Da kanta | Sauƙi | Nauyi | Data da lasisin intanet |
| Dorico Elements, Pro | Wajen dala 100, 580 | A gininta yake | Da kanta | Sauƙi | Nauyi | Tsada |
| Sibelius | First kyauta, Ultimate wajen dala 200 a shekara | Da dabara | Da hannu | Wuya | Matsakaici | Biya ya tsaya, ta kulle |
| LilyPond | Kyauta | Kalma ɗaya | Inda ka ba da izini | Sauƙi | Ba nauyi | Wuyar koyo, rashin magaji |

Farashin na canzawa, a duba shafin kamfani kafin a yi lissafi.

## Maganar solfa da sauti

Kafin a sauke komai, a tambaya: mutum nawa ne a kwayar ke karanta layuka biyar? A coci da yawa a Filato, ECWA ne ko COCIN ko Angilika, solfa ake karantawa, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19 bisa aikin Sarah Glover, 'yan mishan suka zo da shi. Babu ɗaya cikin manhajojin nan da aka gina don fitar da takardar solfa zalla. MuseScore na iya rubuta do, re, mi a cikin kan nota, Sibelius na da ɗan ƙarin da ke jera solfa tare da notoci, amma ba irin takardar da mawaƙanmu suka saba ba ce. Kuma ɗigo da waƙafin solfa kansu alamun bugu ne, in babu bugu ba su da aiki. Ga Zabura, jadawali a Word ya wadatar: harafin solfa a sama, kalmomi a ƙasa, karkataccen layi inda za a numfasa.

Sautin da ake turawa zauren WhatsApp na kwaya kuma, MuseScore da Dorico da Sibelius duk suna fitar da MP3. Ga waƙa mai awo yana taimakawa. Ga marar awo, ni dai ba na ba da shawararsa sai don a ji hawa da saukar murya. Kwamfuta na ba kowace gaɓa tsawo ɗaya, Hausa kuwa tana da gaɓa mai nauyi da mai sauƙi, "ji" da "'ar" ba tsawonsu ɗaya ba a bakin mai magana. In mawaƙa suka haddace daga inji, haka za su rera, ƙwas-ƙwas. Gara malami ya naɗi muryarsa a waya ya tura.

## Wa ya kamata ya ɗauki wacce

In waƙoƙinka akasari masu awo ne, sai jefi-jefi buɗewar solo ko amshi guda, tsaya a MuseScore. Dabarar Insert da ɓoye layi ta ishe ka, kuma in ka maƙale akwai wanda za ka tambaya a unguwa. Ka dai riƙa bin shaf da nacural da ido kafin ka buga.

In kowane mako kana shirya Zabura ko amsoshin sujada, kalmomi na canzawa, kuma laftof ɗinka ba ta tsufa sosai ba, Dorico SE ce. Nan ne na fi karkata. Wahalar saukewa rana ɗaya ce, wahalar yanka ɗakuna kuwa kowace Asabar ce. Kada ka sayi Elements ko Pro sai ka ci karo da abin da SE ta hana ka, kuma akwai gwaji kyauta kafin biya.

In littafi guda kuke son haɗawa, na gunduma ko na makarantar tauhidi irin su TCNN a Bukuru ko JETS, wanda za a sake bugawa bayan shekaru, LilyPond ce, da sharaɗin mutum biyu aƙalla su koye ta. In ba a samu na biyun ba kuma akwai kasafi, Dorico Pro.

Ɗalibin da ke rubuta busar sarewa ko kirari daga rikoda, murya ɗaya ce, gyara kuma ba ya ƙarewa don kullum kunne na jin sabon abu: Dorico SE, ko LilyPond in kwamfutar ba ta da ƙarfi.

Wanda ya riga ya ƙware a Sibelius kuma makaranta ko ofis ke biyan lasisin, ya ci gaba da abinsa, baiti biyar a wata bai kai a sauya manhaja ba. Wanda zai biya daga aljihunsa don wannan aiki kaɗai, kada ya fara. Mai waƙar Giregori a layi huɗu ya nufi Gregorio kai tsaye. Kwayar da solfa kawai take karantawa kuwa, Word da firinta sun ishe ta.